Darasi: Tsukewar Ƙofar Tumbi a Jikin Jarirai

Tsukewar ƙofar tumbi cuta ce da ke kama jariri a makonnin farko na rayuwarsa, inda naman da ya kewaye mafitar tumbi yake yin kauri har ya matse hanyar da nono ke bi zuwa hanji, sai abin da jaririn ya sha ya taru a ciki na ɗan lokaci, daga bisani ya dawo ta baki da ƙarfi. Tumbi a nan shi ne jakar da abinci ke fara sauka cikinta bayan an haɗiye, wadda ke sama da cibiya ta wajen hagu, kuma a ƙarshenta akwai wani zoben nama mai motsi da likitoci ke kira failoras, wanda aikinsa shi ne buɗewa da rufewa domin ya riƙa sakin abinci kaɗan-kaɗan zuwa farkon ƙaramin hanji. Daga sunan wannan zobe ne cutar ta samo sunan da ake ji a bakin ma'aikatan asibiti, wato failorik sitinosis. Ba a haihuwar jariri da ƙofar a toshe, domin yakan sha nono ya riƙe shi lafiya har a yi suna a watse, sannan naman ya soma kauri a hankali, alamun kuma su bayyana tsakanin mako na 2 da mako na 8, mafi yawa daga mako na 3 zuwa na 6.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Danmak mai suna Harald Hirschsprung ne ya fayyace cutar a rubuce a 1888, bayan ya binciki gawar jarirai 2 da amai ya kashe. A ƙasashen Turai ana samun ta a jikin jarirai 2 zuwa 4 cikin kowane 1,000 da aka haifa, tana kuma da ƙaranci fiye da haka a Afirka da Asiya. Wannan ƙaranci yana da nasa haɗari, domin ma'aikacin ƙaramin asibiti a garuruwan Jihar Kebbi irin su Dalijan ko Kambaza ko Diggi yana iya yin shekaru bai gamu da ita ba, ranar da za a kawo masa ita kuwa sai hankalinsa ya tafi ga cututtukan da ya saba gani kullum. Akwai kuma dalilin zaton cewa wani kaso na ƙarancin nan na lissafi ne kawai, tunda jaririn da ya rasu a gida kafin a kai shi asibiti ba ya shiga kowane kundi.

Maza sun fi mata kamuwa da ita da ninki 4 zuwa 5, kuma ta fi yawa ga ɗan fari. Tana bin dangi, an kuma lura jariran da ake ba madarar gwangwani da bulumboti sun fi masu shan mama zalla kamuwa, sai dai har yau masana ba su tsayar da dalili guda da ke sa naman ya yi kauri ba. Abu ɗaya da aka tabbatar yana ƙara haɗarin shi ne ba wa jariri wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda 2, eritiromaisin da azitiromaisin, a cikin makonni 2 na farko bayan haihuwa. A 1999, a garin Knoxville na Jihar Tennessee a Amurka, an ba jarirai sabbin haihuwa eritiromaisin domin kare su daga tarin shiƙa, sai 7 daga cikinsu suka kamu da tsukewar ƙofar tumbi a cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ma a babban gwajin rabon azitiromaisin ga yara da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda ɓangarensa na Nijar ya gudana a Jihar Dosso mai maƙwabtaka da Kebbi, aka kuma buga sakamakonsa a 2018, ba a ba jaririn da bai kai wata 1 ba, haka nan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 a kan wannan rabo ta fara ne daga ɗan wata 1. Duk mai sayo wa jaririn da ba a daɗe da yanke wa cibiya ba maganin ruwa a kemis ba tare da takardar likita ba, ya kamata ya san wannan.

Tumbuɗi daban, amai daban

Kusan kowane jariri yana tumbuɗi, wato ɗan nonon da ke dalalowa ta gefen baki bayan ya ƙoshi, ba tare da yunƙuri ba, kuma mai tumbuɗi yana ci gaba da ƙiba yana fitsari da bayan gida yadda ya kamata. Aman tsukewar ƙofar tumbi yakan fara da kamar tumbuɗi, amma a cikin 'yan kwanaki sai ya yawaita ya ƙara ƙarfi, har ya zama bayan kowane shan mama, nan take ko bayan kamar rabin sa'a, nonon yana tsartuwa daga baki, wani lokaci har ta hanci, ya faɗi nesa da jikin mai riƙe da yaron. Abin da ke fitowa fari ne, ko nonon da ya tsinke ya yi gudaji, wani lokaci da ɗan ratsin jini mai duhu saboda ƙujewar fatar cikin tumbi, amma ba ya taɓa zama kore, domin ruwan maɗaciya yana shiga hanji ne a ƙasa da inda ya toshe. Alamar da ta fi kowace rarrabe wannan cuta da sauran ita ce yunwa: jaririn da zazzaɓi ko wata cutar jini ta sa shi amai yakan ƙi mama ya yi lis, shi kuwa wannan da ya gama amai sai ya nemi mama da zafinsa, ya kama ya tsotsa da haɗama, ya sake amayarwa. Ba ya zazzaɓi, ba ya gudawa, hasali ma bayan gidansa raguwa yake yi har ya yi kwanaki bai yi ba, tunda babu abin da ke isa hanjin.

Koren amai kuwa wata magana ce dabam, kuma ta fi wannan gaggawa, domin yana iya nuna cewa hanji ya murɗe, jini ya daina kai masa, wanda idan aka yi jinkirin sa'o'i kaɗan hanjin zai mutu. Jaririn da ya yi amai kore ba a kwana da shi a gida.

Kwana arba'in

Lokacin da cutar ke bayyana ya faɗo daidai cikin kwanakin jego, kuma wannan ne ya sa gane ta yake da wuya a Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi da sauran ƙasar Hausa. Mai jego tana ɗaka tana wanka safe da yamma, ba ta fita sai an yi arba'in, idan kuma haihuwar fari ce galibi tana gidan iyayenta, mijin da zai yanke shawarar tafiya asibiti ya kuma biya kuɗin mota yana wani gari. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke da ƙarfi ƙwarai a tsakanin Hausawa da Fulanin wannan yanki, inda yarinya ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta nuna damuwa da shi a gaban manya, ko da kuwa ita ce ke ganin yadda zanenta ke jiƙewa da amai dare da rana. Cutar da ta fi kama ɗan fari namiji ta samu uwar da al'ada ta ɗaure wa baki, don haka nauyin lura ya koma kan kaka da gwaggo da ungozoma, kuma su ne wannan darasi ya fi shafa. Ma'aikacin lafiya mai basira ba ya tsare yarinyar da tambaya a gaban uwarta, sai ya juya ga dattijuwar ya ce, "Inna, aman nan dalala yake yi ko tsartuwa? In ya yi, yana sake neman mama? Tsumma nawa ya jiƙa da fitsari tun safe?" Amsar waɗannan tambayoyi 3 ta isa ta nuna masa inda ya kamata ya dosa.

Kafin a kai ga asibiti, akan bi hanyoyin da aka gada. Wasu sukan ce nonon uwar ne ba shi da kyau, a ba ta jiƙo ko a koma ba yaron madarar shanu ko ta gwangwani, wasu su ce beli ne, a kira wanzami ya cire, wasu su ƙara masa ɗauri, idan kuma maɗiga ta faɗa a shafa mata magani. Duk masu yin haka neman lafiyar yaron suke yi, amma babu ɗaya daga ciki da ke taɓa naman da ya yi kauri. Nonon uwa ba shi da laifi a wannan cuta, duk abin da aka zuba wa yaron hanya ɗaya zai tarar a toshe. Cire beli yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta ga jikin da ya riga ya raunana, faɗawar maɗiga kuwa alama ce ta cewa ruwan jiki ya ƙare, maganinta ba a kan fatar kai yake ba. Hatta ruwan gishiri da sukari, wanda ya ceci yara masu gudawa ba iyaka, a nan amfaninsa kaɗan ne, domin a hanji ake tsotse shi, shi kuwa ba ya isa can. Maganin tsayar da amai ma haka, ɓata lokaci ne kawai. Addu'a da tofi ba su hana a ɗauki yaro a tafi, a mota ma ana yin su.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne sikeli. Jariri lafiyayye yakan ɗan rame a kwanakin farko, ya dawo nauyinsa na haihuwa kafin ya cika mako 2, daga nan ya riƙa ƙaruwa da giram 150 zuwa 200 a kowane mako, yana jiƙa tsumma kamar sau 6 a yini. Allurar rigakafi ta mako na 6 tana zuwa ne kwana 2 bayan arba'in, kuma dama ce ta a ɗora yaro a sikeli a kwatanta da nauyin da aka rubuta a katinsa ranar haihuwa, amma wanda amansa ya fara tsartuwa tun mako na 3 ba za a jira da shi har wannan rana ba, balle a watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Kebbi ke haura digiri 40 yana kuma ƙara tsotse ɗan ruwan da ya rage a jikin.

Abin da amai ke yi wa jini

Toshewar da kanta ba ita ke kisa ba, abin da ke kisa shi ne asarar ruwa da gishirin jiki, kuma fahimtar wannan ita ce ginshiƙin maganin baki ɗaya. Tumbi yana samar da wani ruwa mai tsami ƙwarai domin narkar da abinci, wanda ke ɗauke da sinadarin kuloraid, ɗaya daga cikin sinadarai 2 da suka haɗu suka zama gishirin miya. A jikin mai lafiya wannan ruwa yana wucewa hanji a sake tsotse shi, amma mai wannan cuta yana zubar da shi waje a kowane amai, sai tsamin jiki ya ragu, wani sinadari mai suna bayikabonet ya yi yawa a jini. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a tukunya don ta kashe tsami ta san halin wannan sinadari, domin yana cikin abubuwan da kanwa ta ƙunsa, ko da yake kunun kanwar da mai jego ke sha ba shi ne ke jawo cutar ba. Ƙoda kuma, a ƙoƙarinta na riƙe ruwa, sai ta riƙa sakin sinadarin fotasiyam cikin fitsari, wanda zuciya da sauran naman jiki ba sa aiki daidai sai da shi. Jinin da ya karkata haka yana rage wa ƙwaƙwalwa kuzarin tura numfashi, saboda haka jaririn da aka daɗe da shi a gida yakan daina kukan yunwa, ya yi ta barci, numfashinsa ya yi sama-sama. Mutanen gida suna iya ɗaukar wannan shiru a matsayin sauƙi, alhali kuwa shi ne mataki mafi haɗari.

A asibiti

Likita yakan fara da sauraron labari, sannan ya sa a ba yaron mama a gabansa, ya kware cikin yana kallo, domin sau da yawa ana ganin motsin tumbi a ƙarƙashin fata yana tafiya daga hagu zuwa dama yana ƙoƙarin tura nono ta ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Idan cikin ya saki, musamman bayan amai, yatsun gwani suna iya taɓo wani ɗan ƙullutu mai tauri a sama da cibiya ta wajen dama, wanda likitoci ke kwatanta girmansa da ɗan zaitun, kuma samun sa ya isa hujja. Tun daga 1977 aka fara gane cutar da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, wadda ba ta da zafi ba ta kuma cutar da yaro. Ana auna kaurin naman da tsawon hanyar, idan kaurin ya kai milimita 3 ko ya wuce, tsawon kuma ya kai kamar milimita 15 zuwa sama, an tabbatar. Inda sikanin bai fayyace ba, akan ba yaron wani farin ruwa ya sha a ɗauki hoton ciki, sai a ga ruwan yana wucewa siriri ta wurin da ya tsuke. Gwajin jini na gishirin jiki wajibi ne, domin shi ke nuna zurfin asarar, shi kuma ke taimakawa wajen rarrabe wannan cuta da wasu masu kama da ita. Ciwon mafitsara da sanƙarau da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini duk suna sa jariri amai, kuma likita yakan kawar da su kafin ya yanke hukunci.

Ƙaramin asibitin ƙauye ba wurin ƙarasa wannan magani ba ne, aikinsa shi ne ya yi zato, ya sa ƙarin ruwa idan akwai mai iya samun jijiya, ya rubuta takarda ya tura gaba. Mutanen Kalgo suna kusa, domin garin yana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, akwai babbar cibiyar lafiya ta jiha a cikinsa, ga kuma asibitin Gwamnatin Tarayya da Asibitin Sir Yahaya, wanda aka sa wa sunan Sarkin Gwandu Yahaya, duk a Birnin Kebbi. Gwandu tana gabas, kusa da iyakar Jihar Sakkwato, kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato akwai sashen tiyatar yara. Abin da ake nema a asibitin da za a je abu 3 ne a haɗe, wato ɗakin gwajin jini, da likitan tiyata da ya saba da jarirai, da kuma mai ba da maganin barci da ya iya da ɗan kilo 3, don haka ya fi kyau ma'aikacin da ke turawa ya buga waya ya tambaya kafin a hau mota, maimakon a yi ta yawo da yaro daga ƙofa zuwa ƙofa. A hanya a lulluɓe shi, a riƙe shi kansa a ɗage ko a kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya sarƙe shi ya shiga huhu.

Iyaye da yawa sukan ɗauka sakaci ne idan suka ga an kwantar da yaronsu kwana 1 ko 2 ba a shiga da shi tiyata ba, alhali wannan jira shi ne rabin maganin. Ana dakatar da shayarwa, wani lokaci a zura siririn tiyo ta hanci a zuƙe abin da ya taru a tumbi, a sa ruwan gishiri ta jijiya, sannan a bi da mai haɗe da sukari, a ƙara fotasiyam bayan an ga yaron ya fara fitsari. Ana maimaita gwajin jini har sai kuloraid ya hau kusan 100, bayikabonet kuma ya sauka ƙasa da 30 a ma'aunin da ɗakin gwaji ke amfani da shi, domin idan aka ba yaro maganin barci jininsa bai daidaita ba, yana iya kasa ci gaba da numfashi bayan an gama aiki. Wanda aka kawo da wuri yakan daidaita cikin sa'o'i 24 zuwa 48, wanda aka makara da shi kuwa yana iya ɗaukar kwanaki. A duk tsawon wannan lokaci uwa ta riƙa tatse nononta don kada ya ɗauke.

Tiyatar

Aikin da ake yi yau ya haura shekara 100. Wani likita Bafaranshe, Pierre Fredet, ya nuna a 1907 cewa ana iya tsaga naman ba tare da an huda cikin tumbi ba, sai dai shi yana ɗinke tsagar, sannan Conrad Ramstedt na garin Münster a Jamus ya fara nasa aikin a 1911, ya kuma bayyana a 1912 cewa barin tsagar a buɗe ya fi, kuma da sunansa ake kiran aikin har yanzu. Likita yakan yi ɗan yanka a saman ciki ta dama, ko a gefen cibiya inda tabon zai ɓuya, ya fito da ƙullutun, ya tsaga naman a tsaye ya buɗa shi har fatar ciki ta bulluƙo ta tsakanin tsagar, sai hanya ta samu. Ba a yanke komai a jefar, ba a kuma taɓa hanji, aikin kuwa bai cika kai sa'a 1 ba. Tun daga 1991 ana yin sa da na'ura mai kyamara ta ƙananan huji a asibitocin da ke da kayan, amma sakamakon hanyoyin duka kusan ɗaya ne a hannun gwani. Akwai maganin atirofin da wasu likitoci, musamman a Japan, suke bayarwa a madadin tiyata, sai dai yana ɗaukar makonni, ba ya kuma yi wa kowa aiki, don haka akan ajiye shi ne ga jaririn da wata larura ta hana a ba shi maganin barci.

Matsalolin da ke iya biyo baya kaɗan ne: hujewar fatar ciki yayin aiki, wadda ake ɗinkewa nan take idan an gani, ko tsagar da ba ta kai ƙarshe ba, ko ruɓar miki, wadda ta fi samun yaron da ya rame sosai. Inda aka kawo yaro da wuri aka kuma gyara jininsa kafin aiki, waɗanda ke rasuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Bayan 'yan sa'o'i da farfaɗowa akan mayar da yaro ga mama, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Ɗan amai a kwana 1 ko 2 na farko ba abin tsoro ba ne, domin tumbin da ya daɗe yana fama bai gama komawa daidai ba, amma idan ya ci gaba da tsartuwa har bayan kwanaki, ko yaron ya yi zazzaɓi, ko cikin ya kumbura, ko mikin ya yi ja yana fitar da ruwa, a koma asibiti ba tare da jira ba. Yawanci akan sallami yaro cikin kwana 2 zuwa 3, a gida kuma a bar mikin a bushe, kada a gasa shi da ruwan zafi yadda ake gasa cibiya, kada a shafa masa man shanu ko wani magani. Da wuya cutar ta dawo, yaron yakan cike ramarsa cikin makonni, ya girma yana cin duk abin da 'yan'uwansa ke ci. Iyali dai su adana takardar sallama, su kuma riƙe labarin, domin ƙannen wannan yaro sun fi sauran yara haɗarin kamuwa, haka ma 'ya'yan da zai haifa nan gaba. Binciken da wani masani mai suna Cedric Carter ya yi a Ingila ya nuna gadon ya fi ƙarfi ta wajen uwa, inda kusan 1 cikin 5 na 'ya'ya mazan macen da ta yi cutar tana jaririya suke kamuwa, alhali ta wajen uba kusan 1 ne cikin 20, saboda haka yarinyar da aka yi wa wannan aiki a faɗa mata idan ta girma, ita ma ta faɗa wa ma'aikatan awo tun tana da cikin fari.